Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Ƙungiyoyin Masana Kimiyya: A Ina Muke Ajiye Maganarmu?

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta ɗaliba ga malamanta, ina neman afuwa da na kawo wannan magana bainar jama'a maimakon in bi ta hannun sakatare kamar yadda aka saba. Dalilina shi ne ba ƙungiya ɗaya ta shafa ba. Masu kimiyyar noma, likitoci, masana sinadarai, 'yan lissafi, duk jirgi ɗaya ne ya kwaso mu.

A taronmu na shekara-shekara da ya wuce, bayan ma'aji ya gama karanta rahotonsa, wani matashin malami ya ɗaga hannu ya tambaya ko ƙungiya za ta bar dandalin X (tsohuwar Twitter) ta koma sabon dandalin Bluesky, kamar yadda takwarorinmu na Turai suke yi. Aka ɗan yi dariya. Wani dattijo ya ce shi ko X ɗin bai sani ba balle ƙaninsa. Shugaba ya ce a bar wa kwamitin yaɗa labarai, aka wuce maganar kuɗin rajista. Ni kuwa tambayar ta tsaya mini a rai har na dawo gida, saboda wani abu da ya same ni wanda har yau in na tuna sai in ji ba daɗi.

Ni mai binciken ƙwarin amfanin gona ce. Muna da zauren hira a manhajar waya, mu da yawa, daga farfesa har ɗan digiri na biyu. A cikinmu akwai wani abokin aiki, Allah ya jiƙansa, mutum mai tsari wanda bai cika surutu ba. Damina guda cur, duk ranar Litinin da sassafe, sai ya zaga gonakin masarar da ya kafa wa tarkon ƙamshi, ya ƙirga ƙwarin da suka faɗa ciki, ya rubuta da biro a littafinsa mai shuɗin bango, ya ɗauki hoton shafin ya turo mana. Har inuwar babban yatsansa kana gani a gefen takardar. Sai mu yi ta jera masa "Masha Allah, Dokta", "Allah ya ƙara basira". Kafin azahar katin ɗaurin aure da sanarwar rasuwa da tallan atamfa sun binne shafin.

Bayan rasuwarsa, wata ɗalibata ta zo rubuta kundinta, tana bukatar sanin makon da ƙwarin suka fi yawa a waccan daminar. Na ce mata kada ta damu, ai yana zaure. Ashe na canja waya, hotunan ba su biyo ni ba. Na yi cigiya. Wannan ya ce wayarsa ta cika ya goge hotuna, wancan ya ce an sace tasa a tasha, wani kuma bai shigo zauren ba sai daga baya, don haka bai taɓa ganinsu ba. Iyali suka duba littafin mai shuɗin bango, ba su gani ba. Daga ƙarshe wani tsohon ɗalibinsa ya tono shafi biyu. Shafi biyu, daga aikin damina guda.

Ban ɗora wa masu manhajar laifi ba. Don hira aka yi ta, ta kuma yi aikinta. Mu ne muka zuba hatsi a zaure muka ɗauka rumbu ne. Shi ya sa nake ganin tambayar wancan matashin, duk da tana da kyau, ta fara daga tsakiya. Kafin mu ce wane dandali za mu koma, kamata ya yi mu tambayi kanmu wace magana ce ta hira, wace ce ta ajiya.

Amma bari in yi wa tambayarsa adalci, domin ba haka kawai ta faɗo ba. Shekara goma ko fiye, Twitter ta kasance kasuwar masana ta duniya. Ɗalibi a Samaru yana iya yi wa marubucin maƙala da ke Wageningen ta ƙasar Holan tambaya da daddare, ya tashi da safe ya tarar da amsa. Ni kaina a can na fara ganin tallan wani tallafin bincike da babu wanda ya liƙa a allon sanarwar sashenmu. A watan Oktoba na 2022 Elon Musk ya sayi kamfanin a kan dala biliyan 44, ya sallami ma'aikata masu yawa, ya mayar da shuɗin tambarin tantancewa abin saye, sannan a Yulin 2023 ya canja sunan zuwa X. Mujallar Nature ta tambayi masana a shekarar 2023, kusan mutum 9,200 suka amsa: fiye da rabinsu sun rage shiga, kusan kashi 7 cikin ɗari sun daina gaba ɗaya, kusan kashi 46 kuma sun buɗe shafi a wani wurin, dandalin Mastodon ne kan gaba a lokacin. Da Bluesky ta buɗe ƙofa ga kowa a Fabrairun 2024, musamman bayan zaɓen Amurka na Nuwamban shekarar, sai ayarin ya karkata can. A Janairun 2025 jami'o'i da cibiyoyin bincike fiye da 60 na Jamus suka sanar tare cewa sun bar X.

Wannan hijirar ta taɓa mu ta wani wuri da ba kowa ya lura ba. Masu binciken harshe da kwamfuta, cikinsu har da malaman Jami'ar Bayero, sun fitar da NaijaSenti a 2022, tarin saƙonnin Twitter kusan 30,000 a kowane ɗaya daga Hausa da Yarbanci da Ibo da Pidgin, an tantance kowane saƙo ko yabo ne, ko suka, ko tsaka-tsaki. A 2023 aka faɗaɗa aikin zuwa harsunan Afirka 14 da sunan AfriSenti. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne kamfanin yana barin masu bincike su ɗebi bayanai kyauta. A farkon 2023 aka toshe wannan ƙofa, aka ruwaito cewa babban kunshin bayanan yana farawa daga dala 42,000 a wata. Ku faɗa mini sashen da zai iya biyan wannan a jami'o'inmu. Dare ɗaya mai gida ya canja kwaɗo, 'yan haya suka wayi gari a waje.

Mu kuwa a Najeriya ai ba sai an ba mu labari ba. Daga 5 ga Yunin 2021 zuwa 13 ga Janairun 2022 gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, wata bakwai. Duk wanda ya ɗora mu'amalarsa ta ilimi a can, ko dai ya bi ta VPN yana waige-waige, ko ya haƙura. Dattawanmu kuma za su tuna Yahoo Groups, inda ƙungiyoyi da yawa suka shafe shekaru suna muhawara. An goge abin da ke ajiye a ciki, sannan aka rufe shi ɗungurungum a Disambar 2020. Google+ ma an rufe ta a Afrilun 2019. Kenan hannu biyu ne ke iya rufe mana ƙofa, na mai kamfani da na gwamnati, kuma babu wanda zai nemi shawararmu a cikinsu. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

To mu bi Turawa zuwa Bluesky? Ra'ayina, a buɗe shafi a can, babu laifi, amma kada a ɗauka an warware matsala. Tana da daɗin sha'ani: ana iya karanta saƙo ba tare da rajista ba matuƙar mai shafin bai hana ba, akwai jerin sunayen masana fanni-fanni da mutum zai bi a lokaci ɗaya, kuma ba ta danne saƙon da ke ɗauke da adireshin maƙala. Sai dai ita ma kamfani ce mai masu zuba jari, kuma harafi 300 kawai take ba ka. Abin da ya fi damuna shi ne namu ba su can. In ka nemi masu aiki a kan dawa da gero da wake daga yankinmu, da yatsun hannu za ka ƙirga su. Kasuwa ce mai tsabta wadda 'yan garinmu ba su fara ci ba tukuna.

Mastodon ta fi burge ni a tunani, ta fi ba ni wahala a aikace. Ba ta da mai gida ɗaya. Kowace cibiya tana iya kafa uwar garkenta, ta sa dokokinta, kuma mutanenta su yi magana da na sauran garake, kamar yadda mai imel na jami'a ke rubuta wa mai Gmail. Ƙungiyar SURF ta ƙasar Holan ta kafa irin wannan don malamai da ɗaliban ƙasar. Mu ma muna da NgREN a Najeriya, da WACREN a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, waɗanda aikinsu ke nan haɗa jami'o'i ta intanet. Amma na san halinmu da wuta da dizal da ma'aikacin da za a mayar wani ofishi bayan wata shida. Uwar garken da babu mai kula da ita ta fi zaure saurin mutuwa. In za a yi, sai a yi da kasafi da sunan wanda za a tuhuma.

LinkedIn wurin taya murna ne da neman aiki, ban taɓa ganin an yi gardamar ilimi ta gaske a can ba, kowa sanye yake da babbar riga. ResearchGate, wadda aka kafa a 2008, tana da amfani wajen roƙon kwafin maƙala daga mai ita, amma ku tuna shekarun da wasunmu suka yi suna alfahari da makin RG da shafin ke ba masu bincike, har ana rubuta shi a takardar neman ƙarin girma, sai kamfanin ya soke makin a 2022. Shafukan maƙaloli na Mendeley da SSRN ma an fara su kamar na kowa, kamfanin buga mujallu na Elsevier ya saye su a 2013 da 2016.

Saura WhatsApp, wadda ita ce gaskiyar rayuwarmu, ko mun so ko mun ƙi. Ba ta cin data sosai, tana aiki ko sabis ya yi rauni, kuma farfesan da ba ya buɗe imel sai wata-wata yana amsa ta cikin minti biyar. Ba na cewa a bar ta, wanda ya ce haka bai san inda muke ba. Amma a san iyakarta. Zaure ba ya wuce mutum 1,024. Abin da aka faɗa a ciki Google ba ya ganinsa, ba ya da adireshin da za a ambata a maƙala, kuma na waje bai san ma ana yi ba. Telegram ta fi ta ɗaukar jama'a da ajiyar fayil, amma ita ma ɗaki ce mai ƙofa.

Akwai kuma abin da ku maza ba lallai ku sani ba, don ba a kawo muku ƙara. Duk wanda ke cikin zauren WhatsApp yana ganin lambar wayar kowa. Ɗaliba ta yi tambaya a kan yadda ake haɗa sinadari da rana, ƙarfe sha ɗaya na dare sai ga saƙo daga lambar da ba ta sani ba: "Salam, kin yi barci?" Gobe ba za ta ƙara tambaya ba. Wata mijinta ne zai ce ta fita daga zauren, ta fita. Na ga ɗalibai mata masu kaifin basira da suka koma 'yan kallo ta wannan hanya, sannan a taro a riƙa cewa mata ba sa magana. Duk dandalin da zai tilasta wa mutum bayyana lambar wayarsa kafin ya yi tambayar ilimi, bai dace ya zama babbar ƙofar ƙungiya ba. Likitocinmu kuma su yi mini uzuri: hoton majiyyaci da fuskarsa da lambar katinsa yana yawo daga zaure zuwa zaure da sunan neman shawara, alhali tun Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan. Ban ma taɓo 'yan tallan mujallun "biya a buga maka cikin mako guda" ba, waɗanda zaurukanmu suka zama musu kasuwa, wani lokaci ma babba ne ke turowa, ƙarami ya kasa cewa komai.

Wannan na ƙarshen ya kai ni ga wani abu. A zauren da kowa ya san kowa, kunya ce ke mulki. Wa zai ce wa malamin da ya duba kundinsa, "Ranka ya daɗe, wannan lissafin bai fita ba", a gaban ɗalibansa? Sai a yi shiru, ko a bi shi ta bayan fage, gyaran ya tsaya tsakanin mutum biyu, kuskuren kuma ya ci gaba da yawo. Ladabi abu ne mai kyau, ni ma da shi aka raine ni. Amma ilimi yana bukatar wurin da za a rubuta gyara a gefen aiki, da hujja, ya zauna nan kowa ya gani.

Irin wannan wuri akwai shi, kuma masana a ƙasarmu sun nuna yadda ake yi. A Janairun 2020, jerin ƙwayoyin halittar cutar korona na farko da duniya ta samu, Edward Holmes ne ya saka shi a madadin tawagar Zhang Yongzhen, a wani ɗan shafi na masana ƙwayoyin cuta mai suna virological.org. Shafi ne marar ado, babu talla, babu gasar mabiya. Da aka tabbatar da cutar a Legas a ƙarshen Fabrairu, tawagar Farfesa Christian Happi ta cibiyar ACEGID da ke Jami'ar Redeemer's a Ede, tare da abokan aikinsu, suka fitar da jerin farko daga Afirka cikin 'yan kwanaki, suka saka a wannan shafin a farkon Maris. Daga nan ne aka yi ta yayata shi a Twitter da jaridu. Yau shekaru sun wuce, Twitter ta canja suna da mai ita, amma aikin yana nan inda aka ajiye shi, da kwanan wata da sunayen masu shi. Sun ajiye a rumbu, sannan suka je kasuwa suka yi shela.

Abin da nake roƙonku ke nan, kuma ba ya bukatar kwangila. Kowace ƙungiya ta ware wuri guda da za ta kira rumbunta, ta rubuta shi a kundin tsarinta. Zenodo, ma'ajiyar intanet wadda cibiyar bincike ta CERN da ke Turai ke kula da ita tun 2013, kyauta ce, tana karɓar maƙala da jadawali da hoto da faifan murya, tana ba kowane abu lambar DOI, wato adireshi na dindindin, da za a iya ambata, kuma ƙungiya tana iya buɗe sashenta a ciki. AfricArXiv tana nan tun 2018 don masu bincike na Afirka. Mujallunmu da yawa suna AJOL, shafin da ke tattara mujallun Afirka. Su ma ba namu ba ne ɗari bisa ɗari, na sani, shi ya sa nake cewa a ajiye kwafi na biyu a ma'ajiyar laburaren jami'a. Kowane mamba ya yi lambar ORCID, lambar shaidar mai bincike, minti biyar ne, don mu rabu da ruɗanin Muhammad da Mohammed da Muhammed da ke raba aikin mutum ɗaya gida uku. Sannan a kafa al'ada guda: duk abin da ya kai a ce "a adana wannan", a fara kai shi rumbu, a turo adireshinsa zaure. Admin ya samu ikon cewa farfesa, cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, a saka mana a ma'ajiya tukuna."

Shafukan ƙungiya kuma, ko na X ne ko Facebook ko Bluesky, a buɗe su da imel na ƙungiya, makullin ya kasance hannun mutum uku. Na san ƙungiyar da shafinta ya tafi tare da tsohon sakataren yaɗa labarai bayan an yi zaɓe an ɓata. A kuma ci gaba da riƙe jerin imel na mambobi, tsohon yayi ne amma shi kaɗai ne in an rufe kowane dandali gobe za mu iya kiran juna da shi.

Kada kuma garin gudun hayaniya mu gudu daga mutanenmu. Lokacin da tsutsar tumatir ta cinye gonaki a 2016, har jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kanta, manomin Kadawa ba a mujalla ya nemi bayani ba. Rediyo ya kunna, ya tambayi mai sayar da magani, yau kuma ɗansa zai duba Facebook da TikTok. In masana suka bar waɗannan wurare, mai maganin bogi ne zai gaje su. Don haka magana da manomi da mai jego da ɗan sakandare tana da nata dandalin, kuma da Hausa za a yi ta. Hausar nan ma ita ce gadarmu da 'yan uwanmu na Nijar. Masu bincike na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, a Maraɗi sun daɗe suna yaƙar tsutsar zangarniyar gero ta hanyar sakin wani ɗan ƙaramin zanzaro mai kashe ta, a cikin 'yan buhunan algarara da ake ratayewa a gona. Da yawa daga rahotanninsu da Faransanci suke, namu da Ingilishi, gonakin kuwa Jibiya da Maraɗi tafiyar sa'a ɗaya ce ko ƙasa da haka. Da kowane aiki da muka ajiye yana ɗauke da taƙaitaccen bayani na sakin layi ɗaya da Hausa, da mun daɗe da karanta juna.

Na san abin da za a ce: wa zai yi wannan wahala alhali kwamitin ƙarin girma maƙala kawai yake ƙirgawa? Gaskiya ne, kuma nan ne maganar ta dawo kanku, domin ku ne ke zaune a waɗannan kwamitoci, ku ne ake gayyata ku tantance farfesoshi, ku ne TETFund da NUC ke saurara. In kuka ce jadawalin bayanai mai lambar DOI yana da maki, ko ɗan kaɗan ne, kafin shekara ta zagayo rumbun zai cika. Marigayi abokin aikinmu bai taɓa samun maki ko ɗaya a kan waɗancan safiyoyin Litinin ba.

Ina roƙon a sa wannan batu a ajandar zama na gaba, a matsayin batu mai zaman kansa, ba a ƙarƙashin "sauran abubuwa" lokacin da kowa ke duba agogo ba. A gayyaci ma'aikacin laburare, don sun fi mu sanin wannan aiki kuma ba ma tambayarsu. A sa ɗalibai mata biyu a kwamitin. A kira wancan matashin da aka yi wa dariya, shi ma ya zauna.

Shafuka biyun nan suna hannuna. Na nemi izinin iyalinsa, na kwafe alƙaluman a kwamfuta, na rubuta sunayen ƙauyukan da ya kafa tarkunan gwargwadon yadda tsohon ɗalibinsa ya tuna. Ranar da kuka buɗe rumbun, su zan fara sakawa, da sunansa a sama.

Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.

Taku ɗaliba,
wata malamar jami'a mai binciken ƙwarin amfanin gona.